Wutar da intanet ke sha: me ya sa alƙaluman masana ba sa haɗuwa?

A watan Afrilun 2025 Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, mai hedikwata a Paris, ta fitar da rahoto cewa cibiyoyin adana bayanai na duniya sun sha wutar lantarki yunit biliyan 415 a shekarar 2024, kuma lissafinta na tsaka-tsaki ya nuna za su kai biliyan 945 nan da 2030. Yunit ɗin nan shi ne dai wanda ake saya a mitar kati, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, kuma biliyan 415 ya ninka abin da babban layin wutar Najeriya ke rarrabawa a shekara kusan sau goma. Wata huɗu kafin nan, cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley, mallakar gwamnatin Amurka, ta ce irin waɗannan cibiyoyi sun sha kashi 4.4 cikin ɗari na wutar Amurka a 2023, kuma nan da 2028 za su sha tsakanin kashi 6.7 da kashi 12.

Tsakanin 6.7 da 12 akwai tazarar yunit biliyan 255. Ita ma IEA, da ta hango 2035, sai ta ba da iyaka daga biliyan 700 zuwa 1,700. Wannan ne ya sa mai bin labarai ke rikicewa: yau a ce masa ƙirƙirarriyar basira za ta cinye wutar duniya, gobe a ce masa kururuwa ce kawai, kuma kowane ɓangare da nasa alƙaluman. Tushen ruɗanin shi ne babu wata mita guda da ke auna wutar intanet. Kusan duk alƙaluman da ake jifan juna da su daga kwaikwayon kwamfuta suka fito.

Mene ne kwaikwayon kwamfuta?

Shi ne a gina siffar wani abu da lissafi a cikin kwamfuta, a sa mata ƙa'idojin yadda sassanta ke shafar juna, sannan a riƙa sauya sharuɗɗa ana duba abin da zai faru. Siffar da aka gina ita ake kira samfuri. Sharuɗɗan da mai bincike ya ɗora shi a kai, irin su "a ce sayen injina zai ƙaru da kaza duk shekara", su ne zato. Idan aka haɗa zato daban-daban aka gudanar da samfurin, kowane haɗi yana ba da nasa sakamakon, shi ya sa rahotanni ke zuwa da alƙaluma uku ko huɗu maimakon ɗaya.

Tsarin bayanai kuwa ya ƙunshi duk abin da saƙo ke ratsawa: wayar hannu da kwamfuta, turakun sadarwa da wayoyin ƙarƙashin teku, da cibiyoyin adana bayanai, waɗanda manyan gine-gine ne cike da injinan da ake kira saba, suna aiki dare da rana. Tambayar ɗorewar muhalli a nan ita ce nawa wannan tsari ke ci na wuta da ruwa da ma'adinai, nawa yake fitarwa na hayaƙin kabon da bolar kayan lantarki, kuma ko abin da yake rage wa sauran ɓangarorin rayuwa ya kai abin da yake ci.

Dole ce ta sa ake komawa ga kwaikwayo. Ba za a iya gina duniya biyu, ɗaya da intanet ɗaya babu, a kwatanta hayaƙinsu ba. Su kuma kamfanoni ba su cika bayyana wutar da kowace cibiya tasu ke sha ba, suna ɗaukar abin a matsayin sirrin kasuwa. Saboda haka mai bincike yakan yi abin da mai son sanin hatsin da gari ke ci zai yi idan 'yan kasuwa sun ƙi buɗe masa littafi: ya ƙirga gidaje, ya ƙiyasta mudu nawa kowane gida ke ci, ya ninka. A nan gidajen su ne injinan saba da aka sayar, mudun kuma wutar da kowane iri ke ja.

Inda kwaikwayo ya fi cin nasara

A cikin ginin cibiya ɗaya, kwaikwayo abin dogaro ne ƙwarai, domin ƙa'idojin zafi da iska ba sa canza ra'ayi. Duk wutar da injin ya ja tana komawa zafi, kuma dole a fitar da zafin nan. Injiniyoyi kan zana ɗakin a kwamfuta su kalli yadda iska ke bi tsakanin layukan injina, su gano inda mai zafi ke gauraya da mai sanyi, tun kafin a kafa ko ƙarfe ɗaya. Daga irin wannan aiki ne aka daidaita kan jera injina fuska da fuska, layin sanyi daban layin zafi daban. An kuma gane cewa ba sai ɗaki ya yi sanyin firji ba: ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, tana ba da shawarar digiri 18 zuwa 27.

Ma'aunin da aka fi ji a wannan fanni shi ne PUE, wanda ƙungiyar Green Grid ta fito da shi a 2007. Ana raba duk wutar da ta shiga gini da wadda ta isa ga injinan lissafi. Idan sakamako ya zama 2, rabin wutar ta tafi a sanyaya da asara. Binciken Uptime Institute ya nuna matsakaicin ya sauko daga 2.5 a 2007 zuwa kusan 1.6, inda ya daɗe a tsaye, yayin da Google ke bayar da rahoton kusan 1.1. A 2016 kamfanin DeepMind ya ce samfurin da ya horar da bayanan na'urorin auna zafi ya rage wutar sanyaya wata cibiyar Google da kashi 40 cikin ɗari. Akwai kuma manhajoji irin su CloudSim, da aka ƙirƙira a Jami'ar Melbourne ta Ostireliya, da ɗalibai ke gwada dabarun rarraba aiki tsakanin injina da su ba tare da sun mallaki saba ko ɗaya ba.

Ko a nan ma akwai tarko. PUE bai tambayi ko injinan suna wani aiki mai amfani ba, kuma wani bincike na 2015 ya samu kusan kashi 30 na injinan da ya duba suna kunne amma sun yi wata shida ba su yi aikin komai ba. Haka kuma ana iya gyara PUE ta hanyar sanyaya da tururin ruwa, a rage wuta a ƙara shan ruwa. A garin The Dalles na jihar Oregon, sai da aka kai ga kotu kafin a bayyana a 2022 cewa cibiyoyin Google sun sha fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan garin a shekarar da ta gabace ta. Samfurin da aka gina don wuta kaɗai ba zai taɓa nuna wannan ba.

Hasashen da lokaci ya ƙaryata

Da zarar an fita daga gini ɗaya zuwa ƙasa ko duniya, tarihin hasashe ya cika da tuntuɓe. A 1999 Peter Huber da Mark Mills suka rubuta a mujallar Forbes cewa intanet na shan kashi 8 na wutar Amurka, kuma nan gaba kaɗan zai kai rabi. Jonathan Koomey da abokan aikinsa a Berkeley suka bi lissafin dalla-dalla, suka samu cewa duk kayan ofis da na sadarwa gaba ɗaya kusan kashi 3 suke sha. A 2007 hukumar kare muhalli ta Amurka ta shaida wa majalisa cewa cibiyoyin bayanai sun sha yunit biliyan 61 a 2006, kuma za su haura biliyan 100 nan da 2011. Hakan bai faru ba: karayar tattalin arziki ta 2008 ta zo, sannan dabarar sa injin ɗaya ya yi aikin injina da yawa ta yaɗu.

A 2015 Anders Andrae da Tomas Edler suka wallafa lissafi mai fuska uku, mafi muninsa ya ce fasahar sadarwa na iya shan kashi 51 na wutar duniya nan da 2030. Su sun faɗi cewa wannan shi ne mafi muni, amma shi jaridu suka fi ɗauka. Sai a 2020 Eric Masanet da wasu suka nuna a mujallar Science cewa daga 2010 zuwa 2018 aikin lissafin cibiyoyin duniya ya ƙaru da kusan kashi 550, wutar da suke sha kuwa da kashi 6 kawai, zuwa yunit biliyan 205.

Bambancin ya samo asali ne daga yadda aka gina samfuran. Wasu suna ɗaukar wutar da ake sha a kan kowane gigabait a bana, su ninka da yawan datar da ake sa ran za a yi amfani da ita nan gaba. Irin waɗannan sukan yi aringizo, domin wutar ba ta bin data ƙafa da ƙafa: turken sadarwa yana jan kusan wuta ɗaya ko ana amfani da shi sosai ko ba a yi. Wasu kuma suna ƙirga injina iri-iri da ingancin kowanne. Waɗannan sun fi kusa da gaskiya, amma sun dogara da alƙaluman cinikin da kamfanonin binciken kasuwa ke sayarwa, waɗanda ba kowa ke iya dubawa ba. Wani nazari da David Mytton da Masaō Ashtine suka yi a 2022 kan ƙiyasi 258 daga rubuce-rubuce 46 ya samu cewa da yawa ba a iya bin sawun tushensu.

Kuskure ɗan ƙarami ma yakan yi tafiya mai nisa. A 2019 aka yaɗa cewa kallon Netflix na rabin awa na fitar da kilo 1.6 na kabon, daga bakin wani jami'in ƙungiyar Shift Project ta Faransa. George Kamiya na IEA ya sake lissafi a 2020 ya samu kusan giram 36 a awa guda. Cikin dalilan har da rikita ma'aunin data na bit da bait (bait ɗaya bit takwas ne), abin da shi kaɗai ya ninka adadin sau takwas, kuma ƙungiyar ta amsa wannan kuskure daga baya.

Kada a ɗauka cewa masu ƙananan alƙaluma ne kullum ke da gaskiya. Bayan kusan shekara goma wutar cibiyoyin Amurka na tafiya a hankali, ta tashi zuwa yunit biliyan 176 a 2023, saboda injinan ƙirƙirarriyar basira da samfuran baya ba su hango ba. Har abin da ya wuce ma ƙiyasi ne: rahoton Berkeley na 2016 ya sa shekarar 2014 a kan biliyan 70, na 2024 ya dawo da ita kusan 60.

Abin da ya fi wuyar sa wa a lissafi: halin mutane

Wutar da na'ura ke sha ɓangare ɗaya ne kawai. Masana sukan raba tasirin fasahar bayanai gida uku: na kai tsaye, wato ƙera na'ura da amfani da ita da jefar da ita, na amfani, kamar taron bidiyo da ya hana mutum hawa jirgi, da na dogon zango, wato yadda tattalin arziki da ɗabi'un jama'a ke sauyawa. Na biyu ne masana'antar ke alfahari da shi. Rahoton SMART 2020 na 2008, wanda ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta GeSI ke da hannu a ciki, ya ce fasahar na iya rage hayaƙin duniya da kashi 15 nan da 2020, ninki biyar na abin da ita kanta ke fitarwa.

Na uku ne ke ɓata wannan lissafi. Tun a 1865 masanin tattalin arziki na Ingila William Stanley Jevons ya lura cewa inganta injin tururi bai rage ƙona kwal ba, ƙaruwa ma ya yi, domin abin da ya yi araha ana ƙara amfani da shi. Domin kama irin wannan zagayowa ne ake amfani da salon kwaikwayon da Jay Forrester ya ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka, wanda ke bin yadda sakamako ke komowa ya shafi sanadinsa. Da shi aka yi wani shahararren rahoto na 1972 kan iyakar bunƙasar duniya.

Fitaccen gwajin wannan salo a kan fasahar bayanai shi ne wanda Lorenz Hilty na Suwizalan da abokansa suka yi wa wata cibiyar binciken Tarayyar Turai, aka wallafa a 2006. Sun kwaikwayi ƙasashe 15 na tarayyar daga 2000 zuwa 2020, suna gudanar da samfurin da ci gaban fasahar, sannan su daskarar da ita a matakin shekarar 2000 su sake gudanarwa. Abin da suka samu bai yi wa kowane ɓangare daɗi ba. A jimla tasirin ya fito ƙarami, domin manyan alherai da manyan illoli sun cinye juna. Sarrafa ɗumama gine-gine da na'ura ya nuna ragi mai yawa. A sufuri kuwa, duk abin da ya sa jigila ta yi sauri da araha ya jawo ƙarin jigila. Ma'anar wannan ga mai tsara doka ita ce tambayar "fasaha na taimakon muhalli ko tana cutar da shi" ba ta da amsa ɗaya, sai an bi ta fanni-fanni.

Muhawarar ta sake tasowa a Janairun 2025, lokacin da kamfanin DeepSeek na Sin ya fitar da samfurin basira da aka ce an horar da shi da kuɗi kaɗan. Hannayen jarin kamfanonin wuta na Amurka suka faɗi, bisa tunanin buƙata za ta ragu, shugaban Microsoft Satya Nadella kuma ya ambaci Jevons, yana nufin arahar za ta ƙara yawan masu amfani. Samfuri ɗaya zai iya ba da duka amsoshin biyu, gwargwadon zaton da aka sa masa.

Matsayin ɓangarori

Masu cewa a kwantar da hankali suna kafa hujja da tarihin da ke sama, da kuma cewa kashi 1.5 na wutar duniya da cibiyoyin bayanai suka sha a 2024 bai kai abin da na'urorin sanyaya ɗaki ko masana'antu ke sha ba. Masu gargaɗi suna cewa ribar inganci ta shekarun 2010 ta zo ne daga kwashe aiki daga ƙananan ɗakunan saba marasa inganci zuwa manyan cibiyoyi, kuma ba a yin irin wannan ƙaura sau biyu. Suna nuni da rahotannin kamfanonin da kansu: a 2024 Google ya ce hayaƙinsa ya ƙaru da kashi 48 tun 2019, Microsoft kuma kusan kashi 29 tun 2020. Masu bincike na Jami'ar Lancaster sun ƙara da cewa idan aka lissafa ƙera na'urori yadda ya kamata, kason fasahar bayanai a hayaƙin duniya yana tsakanin kashi 2.1 da 3.9.

Akwai ɓangare na uku da hujjarsa ta fi ƙarfi a aikace: matsakaicin duniya ba ya faɗin komai game da wuri ɗaya, domin cibiyoyin cunkushewa suke yi. A Ailan, hukumar ƙididdiga ta ce sun sha kashi 5 na wutar da aka auna a 2015, suka kai kashi 21 a 2023, fiye da duk gidajen birane a haɗe. Wannan adadi ya bambanta da sauran ta fuska ɗaya muhimmiya: daga mita aka karanto shi.

Sabuwar dokar Turai

Giɓin nan ne Tarayyar Turai ta nufi toshewa. Dokar ingancin makamashi da aka sabunta a 2023 ta wajabta wa duk cibiyar da injinanta suka kai kilowat 500 ta riƙa ba da rahoton wuta da ruwa da zafin da take sake amfani da shi, kuma wa'adin farko ya cika ranar 15 ga Satumban 2024. Jamus ta wuce nan, ta ce cibiyoyin da za su fara aiki daga Yulin 2026 kada PUE nasu ya haura 1.2. Dokar Turai ba za ta kawar da buƙatar kwaikwayo ba, tunda gobe ba ta da mita, amma za ta ba samfura abin da za a gwada su da shi. Masu suka na cewa a dunƙule ake wallafa bayanan, don haka mazauna wani gari ba lalle su san abin da cibiyar da ke maƙwabtaka da su ke sha ba.

Yadda abin ke isa aljihun mutum

Da hasashe ake gina tashoshin wuta da manyan layuka, kuma ginin kan ɗauki shekaru. Idan hasashe ya gaza, wuta ta yi ƙaranci farashi ya tashi. A kasuwar wutar lantarki ta PJM, da ta haɗa jihohin Amurka 13 ciki har da Virginia, kuɗin tanadin wuta ya tashi daga kusan dala 29 zuwa kusan 270 a kan kowane megawat a rana a gwanjon 2024, kuma buƙatar cibiyoyin bayanai na cikin dalilan da aka bayar. Idan kuma hasashe ya yi yawa, an gina abin da ba a buƙata, masu biyan kuɗin wuta ne za su ɗauki nauyi. Wani abin da ke kumbura alƙaluma shi ne kamfani ɗaya kan nemi wuta a wurare da yawa don cibiya guda. Saboda haka a 2025 hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a jihar Ohio ta amince manyan cibiyoyi su biya aƙalla kashi 85 na wutar da suka nema har tsawon shekara 12, ko sun sha ko ba su sha ba.

Ga mai waya a Kano ko Maraɗi, alaƙar ta wata fuska ce. Yawancin samfuran an gina su ne da zaton wutar gwamnati tsayayya da yanayi mai sanyi. Inda turakun sadarwa da cibiyoyin bayanai na Legas ko Abuja ke dogaro da janareta da dizal, kuma zafin bazara a arewa ke haura digiri 40, hayaƙi da kuɗin kowane gigabait sun bambanta, don haka adadi irin giram 36 na kallon Netflix, wanda matsakaicin duniya ne, ba zai yi daidai da nan ba. Tsadar makamashi na cikin hujjojin da kamfanonin sadarwa suka gabatar kafin hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 a Janairun 2025. A nan kwaikwayon da ya fi amfani shi ne na injiniya: faranti nawa na sola da batir nawa turke ke buƙata don rage awannin janareta, lissafin da ake iya tabbatarwa da litar dizal a ƙarshen wata.

Akwai kuma ƙarshen rayuwar na'ura, wanda samfuran wuta sukan tsallake. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce an tara tan miliyan 62 na bolar kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22.3 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa bisa ƙa'ida. Sauran babu takamaiman rajistarsu, wani ɓangare yana shigowa Afirka ta Yamma da sunan kayan gwanjo, kuma adadin da ke isa hannun 'yan jari-bola da masu ƙona waya don ciro tagulla shi ma ƙiyasi ne ake yi.